FAGEN WASANNI: Filin Da Ba Shi Da Shinge

A wannan mako ba za mu leƙa Ikko ko Abuja ba, balle Ingila da Sifen, inda samarinmu suka kwashi zukatansu suka kai ajiya. Yau a Kontagora za mu yada zango, garin Umaru Nagwamatse, cikin jihar Neja, domin a can na ga wani abu da idona wanda tun ran nan yake ta yi mini kai-kawo a zuci. Abin kuwa bai tsaya ga Kontagora kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon ƙwallon ƙafa a filin unguwa, ko a Funtuwa ne, ko Gusau, ko Azare, ko Maraɗi, in ya ji labarin zai ce ai a garinsu aka yi.

Ran wata Asabar ce da la'asar, cikin hunturu, an gama girbi, aljihun manoma da ɗan nauyi. Ana gasar cin kofi tsakanin ƙungiyoyin unguwanni da na ƙauyukan kewaye, an kai wasan kusa da na ƙarshe, a filin wata makarantar firamare. Ba zan faɗi sunan ƙungiyoyin ba, don ba tonon silili na zo yi ba. Masu gida dai 'yan cikin gari ne, baƙi kuwa daga wani ƙauye suka zo, wasu a bayan motar ɗaukar hatsi, wasu bisa babura, uku-uku. An zana layin fili da toka. Abin da ya raba 'yan wasa da 'yan kallo igiya ce guda ɗaya, irin ta ɗaure kaya, an zarga ta jikin turaku. Ga masu rake, ga masu gyaɗa, ga yara masu tallar ruwa. Ɗan sanda ko ɗaya ban gani ba.

Alƙalin wasan saurayi ne mai kuzari, ya kuwa san aikinsa gwargwado, sai dai abu ɗaya: ɗan unguwar masu gida ne, kowa kuma a filin ya san haka, har baƙin. Kafin hutun rabin lokaci baƙi suka jefa ƙwallo a raga, ya busa usur ya ce satar gida ce. Aka yi ta gunaguni, aka dai ci gaba. Saura kamar minti biyar a tashi sai masu gida suka ci. Yaron da ya ci ƙwallon, maimakon ya nufi wajen mutanensa su yi murna tare, sai ya sheƙa da gudu har gaban magoya bayan baƙi, ya tsaya daidai bakin igiya, ya ware yatsun hannu biyu ya yi musu daƙuwa, ya ƙara da gwalo. Alƙali yana kallo, bai ce uffan ba. Kafin ka ce kwabo jifa ya kaure, igiya ta kwanta a ƙasa, fili ya cika da mutane, ƙura ta turnuƙe. Alƙali ya ranta a na kare ya faɗa wani aji, dattawa uku suka tare ƙofa. Wani yaro mai tallar ruwa, wanda bai fi shekara goma ba, bai san hawa ba bai san sauka ba, dutse ya fasa masa goshi. Allah ya taƙaita, ba a yi rashin rai ba, amma wasa bai ƙare ba, kofin ma har na baro garin yana nan a ajiye.

Da ƙura ta lafa na tambayi wani dattijo da muke tsaye tare, na ce, "Baba, kai da ka daɗe kana kallon tamaula, a ganinka alƙalin nan ya yi son kai?" Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ɗana, mai yiwuwa ne gaskiya ya busa. Amma ko ya dafa Alƙur'ani, wa zai yarda da shi cikin mutanen ƙauyen nan? Waɗanda suka miƙa masa usur su suka cuce shi. Shi kuma yaron can, da shi aka yi wa daƙuwa a bainar jama'a, zai tsaya?"

Maganar dattijon nan ita ce jigon abin da zan faɗa yau. A manyan filaye akwai shingen ƙarfe, akwai 'yan sanda, akwai na'urorin ɗaukar hoto, akwai hukumar da za ta zauna kashegari ta yanke hukunci. A ƙaramin fili babu ko ɗaya. Shingen ƙaramin fili abu biyu ne kurum: yardar da jama'a suka yi cewa alƙali ba na kowa ba ne, da ladabin da ɗan wasa yake nuna wa wanda ya zo kallonsa. In ɗaya ya faɗi, ɗayan yana iya riƙe jama'a. In kuwa duka biyun suka faɗi rana ɗaya, kamar yadda na gani, to igiya ba ta tsare kowa.

NAUYIN SUNAN ALƘALI

Bari mu fara da mai busa usur. Da ƙwallo ta shigo ƙasar Hausa, Bahaushe ya duba aikin wannan mutum, sai ya ɗauko suna mafi nauyi da ya sani a fannin hukunci ya ɗora masa, watau alƙali. Mutanen Kontagora kuwa ba baƙin wannan suna ba ne, tun da yake wanda ya kafa garin a 1864, Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, gidan da aka sani da karantar da shari'a. Malaman fiƙihu sun shimfiɗa wa alƙali ƙa'idodi tun da daɗewa: kada ya yi shari'ar da ɗansa ko mahaifinsa ke ciki, kada ya karɓi kyautar mai ƙara, ya daidaita masu husuma a wurin zama da wurin sauraro, kada kuma ya yanke hukunci yana cikin fushi. Ba wai ana zaton kowane alƙali macuci ne ba. An yi haka ne don a kare shi daga zato, a kuma kwantar da zuciyar wanda hukunci bai yi wa daɗi ba. Wanda aka kayar a shari'a yana iya haƙura in ya tabbata ba a haɗa baki da alƙali ba. In bai tabbata ba, ko hukuncin daidai ne, zalunci zai gani.

Ita ma dokar ƙwallo a kan wannan turba take. Dokokin wasan guda 17 ne, hukumar da ke tsara su kuwa tun 1886 aka kafa ta a Birtaniya. Doka ta 5 ta ba alƙali cikakken iko, ta mai da hukuncinsa a kan abin da ya auku cikin fili ya zama na ƙarshe, har da batun ko an ci ko ba a ci ba. Iko irin wannan ba a damƙa shi ga mutumin da ke da kaso a cikin abin da ake jayayya a kai. Shi ya sa a gasar cin kofin duniya ba a ba alƙali wasan ƙasarsa. A Ingila alƙalan manyan wasanni sukan bayyana ƙungiyar da suke goyon baya, ba a kuma tura su wasanta. A Masar an sha ɗauko alƙali takanas daga Turai in Al Ahly da Zamalek za su kara a Alƙahira. To, in masu shingen ƙarfe da dubban 'yan sanda suna irin wannan taka-tsantsan, ina ga mu masu igiya?

WA YA KAWO SHI, WA YA SALLAME SHI?

Gasar ƙwallo a Nijeriya hawa-hawa ce. A sama akwai gasar Firimiya mai ƙungiyoyi 20, ƙasa da ita akwai rukuni na biyu da ake kira NNL, sa'an nan rukuni na uku, watau NLO, sai gasannin jihohi da na ƙananan hukumomi, har a gangaro kan kofin unguwa, da kofin ɗan siyasa, da kofin sallah. Duk sa'ad da ka sauka hawa ɗaya, kuɗi na raguwa, tsaro na raguwa, idon hukuma na yin nisa, alƙali kuwa yana ƙara zama maraya. A can ƙasa sau da yawa masu gida ne ke nemo shi, su tarye shi a tasha, su sauke shi, su ba shi abinci, in an tashi su ba shi kuɗin mota. In busarsa ba ta yi musu daɗi ba, yana iya komawa gida hannu rabbana. Hausawa suka ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Mutumin da ya ci tuwonka da rana, in ka ce da la'asar ya ba abokin hamayyarka fanareti saura minti biyu a tashi, alhali ƙofar fita ɗaya ce, mutanenka kuma na tsaye a bakinta, ka ɗora masa kayan da ba kowane namiji ke iya ɗauka ba.

Saboda haka karkatar alƙali a ƙananan wasanni iri uku ce, bai kuwa kamata a cuɗa su ba. Akwai ta kwaɗayi, watau wanda aka saya. Akwai ta tsoro, wanda ya duba ya ga in ya busa gaskiya ba zai kwana gida lafiya ba. Akwai kuma ta zumunci, wanda ba a ba shi ko sisi ba, ba a kuma razana shi ba, amma gobe da waɗannan 'yan wasa zai yi sahu a masallaci, a shagon uban ɗayansu yake karɓar bashi. Maganin ta farko hukunci ne, ta biyu tsaro, ta uku kuwa nisa, watau a ɗauko wanda ba shi da kowa a ɓangarorin biyu. Ban da waɗannan akwai kuskure irin na ɗan Adam, wanda ba laifi ba ne, don mutum ɗaya ne da ido biyu yake bin mutum 22 cikin ƙura. Mu kuwa mun saba mu tara su duka mu kira su ɓarayi, mu kore su da jifa, mako mai zuwa mu sake ɗauko wani bisa tsarin nan dai da ya lalata na farko.

In mai karatu yana so ya ga iyakar inda abin ke kaiwa in idon hukuma ya yi nisa, ya tuna da abin da ya faru a Bauchi cikin watan Yuli na 2013. Ƙungiyoyi biyu, Plateau United Feeders da Police Machine, suna neman gurbin shiga gasar ƙasa ta ƙananan ƙungiyoyi, makinsu ɗaya, yawan ƙwallaye ne zai raba su. Aka buga wasanninsu na ƙarshe lokaci guda. Ta farko ta ci Akurba 79 da babu, ta biyu ta ci Babayaro 67 da babu. Sa'ad da aka tafi hutun rabin lokaci 7 da babu ne a can, 6 da babu a nan. Watau bayan hutu kaɗai an zura ƙwallo 72 a raga ɗaya, in aka raba da minti 45 kowace ƙwallo ba ta ci daƙiƙa 40 ba. Duniya ta yi mana dariya. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara 10, ta kuma haramta wa 'yan wasa da jami'an da ke ciki harkar ƙwallo har abada. Abin tambaya, a kowane ɗaya daga filayen nan biyu ba akwai mutum da usur a bakinsa ba? Ɗayansu sau 79 ya nuna tsakiyar fili. Ɗan kallo kuwa ba wawa ba ne. Irin waɗannan labarai yake ɗauke da su a zuci in ya zo filin unguwarsu, shi ya sa tun kafin a take ƙwallo ya riga ya yanke wa alƙali hukunci.

ƊAN WASA DA MAI KALLONSA

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu juyo kan 'yan wasa. Ɗan kallo a ƙaramin fili taku uku ne tsakaninsa da ɗan wasa, yana jin numfashinsa, ya san sunan ubansa. Ya bar kasuwa ko gona, ya zuba mai a babur, ya zo ya tsaya cikin ƙura awa biyu ba tare da an biya shi ba. Ba na cewa 'yan kallo waliyyai ne. Akwai masu ashar tun daga farkon wasa har ƙarshe, akwai masu zuwa da dutse a aljihu, akwai waɗanda suka sha abin da suka sha. Amma ɗan wasa shi ne a tsakiyar fage, shi duk idanu ke kallo, motsin hannunsa guda ya fi ihun mutum ɗari tasiri. Ciyawar rani ce ta kewaye shi, ashana kuma a hannunsa take. Ko a fagen dambe, inda ake zuwa don naushi, ɗan dambe yana kirari yana cika baki, amma abokin karawarsa yake yi wa. In ya yi kisa sai ya zaga fage yana ɗaga wa jama'a hannu suna yi masa kyauta, don ya san su ne kasuwarsa.

Doka ta 12 ba ta bar wannan batu a duhu ba. Ta sa a ba ɗan wasa katin gargaɗi in ya yi murnar cin ƙwallo ta hanyar tsokana ko izgili ko tunzura jama'a, ko ya hau shinge, ko ya tunkari 'yan kallo ta yadda zai jawo haɗari. Zagi da alamar cin mutunci jan kati ne, ko ga wa aka yi. Kai wa ɗan kallo duka jan kati ne. Tun 2019 kuma har mai koyar da 'yan wasa da sauran na kan benci ana ɗaga musu kati. Daƙuwa kuwa a ƙasar Hausa zagin uwa ce, ba ta bukatar tafinta. Da alƙalin nan na Kontagora ya zaro jan kati nan take ya ɗaga wa yaron, ɗan unguwarsu, a gaban baƙi, ina kyautata zaton da dutsen farko bai tashi ba, da kuma baƙin sun manta da batun satar gida. Nan ne abubuwan nan biyu suka haɗu. Shirun da ya yi shi ya tabbatar musu da zaton da suka zo da shi daga gida.

Yaranmu a gidajen kallon ƙwallo suke koyon irin wannan murna. Sun ga Emmanuel Adebayor, ɗan Togo, a watan Satumba na 2009, lokacin yana Manchester City, ya ci tsohuwar ƙungiyarsa Arsenal, ya ruga daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan ya zube gaban magoya bayanta. Abin da ba su riƙe ba shi ne, an yi ta jifa, wani ma'aikacin fili ya ji rauni, hukumar ƙwallon Ingila kuma ta ci shi tarar fam 25,000. Sun ji labarin Eric Cantona na Manchester United, wanda a watan Janairu na 1995 ya daka tsalle ya kai wa wani ɗan kallo hauri a filin Crystal Palace. Ɗan kallon ya zage shi, babu shakka, amma duk da haka wata takwas Cantona ya yi bai buga gasa ba, kotu kuma ta sa shi aikin yi wa jama'a hidima na awa 120. A can akwai ma'aikata barkatai masu tare jama'a. Yaron da ya kwaikwayi Adebayor a bakin igiya ya ɗauko rawar ne ya baro shingen a can.

A nan gida ma manya ba su bar wa yara abin koyi mai kyau ba. A watan Yuni na 2019, a filin Agege da ke Ikko, bayan Kano Pillars da Enugu Rangers sun tashi 1 da 1, kyaftin ɗin Pillars, Rabi'u Ali, gwanin da ba mai musun gwanintarsa, ya tunkari alƙali cikin fushi, magoya baya suka kwararo cikin fili. Hukumar gasa ta yanke masa dakatarwar wasa 12, ta ci ƙungiyar tarar naira miliyan 8. A watan Afrilu na 2022 aka farfasa motar Katsina United a Kano, aka ci Pillars tarar naira miliyan 9, aka mai da wasanninta na gida Abuja. A kakar nan aka rage mata maki, ƙungiyar da ta ci gasar ƙasa sau huɗu ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta komo. Ba don in tozarta Pillars na kawo wannan ba, don ba ita kaɗai ke da irin wannan tabo ba. Darasin dai shi ne, inda kyaftin ya sa ƙafa, nan 'yan kallo ke sa tasu.

Kada kuma wani ya ce ai ƙaramin wasa ne, iyakarsa fashewar goshi. Ran 1 ga Disamba 2024, a garin Nzerekore na ƙasar Gini, a wasan ƙarshe na wata gasar cikin gida tsakanin 'yan garin da 'yan Labe, gardama kan hukuncin alƙali ta jawo jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka yi turereniya a bakin ƙofa. Gwamnati ta ce mutum 56 suka mutu, da yara a ciki. A Akara ta ƙasar Gana, ran 9 ga Mayu 2001, irin wannan ce ta ci rayuka fiye da 120 a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko. A Holan, cikin Disamba na 2012, wani magidanci ɗan shekara 41 da ke ɗaga tuta kyauta a wasan yara, matasan 'yan wasa suka yi masa dukan da ya zama ajalinsa, har aka soke duk wasannin ƙananan ƙungiyoyin ƙasar a ƙarshen makon da ya biyo. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar da aka zauna tsara gasa ake fara adalcin alƙali, in aka bari sai an shiga fili to an makara. Ga shawarwari kaɗan ga masu shirya gasa a Kontagora da sauran garuruwanmu, ba kuwa wadda ke bukatar kuɗin gwamnati.

Na farko, a yi musayar alƙalai. Masarautar Kontagora ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kontagora, Mariga, Magama, Mashegu, Rijau da Wushishi. In ƙungiyar cikin gari za ta kara da ta Rijau, a ɗauko alƙali daga Wushishi. In wasan ƙarshe ne, a nemi ƙungiyar alƙalai ta jiha a Minna ta turo nata, ko a aro daga maƙwabta, Yawuri ko Zuru. Kuɗin motar baƙon alƙali bai kai kuɗin asibitin mutum ɗaya ba. In kuma hali bai yi ba, to a kira shugabannin ƙungiyoyin biyu kwana biyu kafin wasa su amince da sunan alƙali a gaban shaidu.

Na biyu, ladan alƙali ya fito daga asusun gasa. A ware shi daga kuɗin rajista tun farko, kwamiti ya biya shi cif kafin ya busa usur, tun da yanzu ta waya ma ana tura kuɗi. Kada ya sauka gidan kowa, kada ya ci abincin kowa. Attajiri ko ɗan siyasar da ya sa kofi kuwa, in yana da ƙungiya a cikin gasar, to ya janye hannunsa daga zaɓen alƙali.

Na uku, kafin a take ƙwallo a tara 'yan wasa a tsakiyar fili a faɗa musu da Hausa, jama'a na ji: daƙuwa, gwalo, ko zagin ɗan kallo, jan kati ne da dakatarwa, murna kuma a gefen mutanenka ake yi. Kyaftin kaɗai zai yi magana da alƙali. An bi wannan tsari a gasar ƙasashen Turai ta 2024 a Jamus, ba kuwa abin da zai hana a bi shi a filin firamare.

Na huɗu, a ja igiya baya kamar taku biyar daga layi, a raba magoya baya gefe biyu, kowace ƙungiya ta kawo mutum goma sanannu su tsare nata mutanen, don mutum ya fi jin kunyar kawunsa bisa ga baƙon da ya daka masa tsawa. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda tun da wuri. Ƙungiyar da magoya bayanta suka fara shiga fili ta yi asarar wasan, ko ita ce ta mai kofi. Alƙali kuma ya sani doka ta ba shi ikon tsai da wasa da zarar ya ga jifa, kada ya jira sai jini ya zuba.

Na biyar, kwamiti ya sa mutum ɗaya ya ɗauki wasan a waya daga farko har ƙarshe. Mai ƙorafi ya kawo ƙorafinsa kashegari a duba. Alƙalin da aka tabbatar ya karɓi kuɗi a kore shi, a haɗa da wanda ya ba shi, a kuma shela sunayensu. Wanda aka tabbatar gaskiya ya busa, shi ma a shela, don a wanke shi a idon jama'a.

Wani zai ce duk wannan ɗawainiya a kan wasan unguwa? To, a filin unguwa ake haihuwar ƙwallo. Niger Tornadoes ta Minna, wadda ta doke Enugu Rangers 1 da babu ta ɗauki kofin ƙalubale a 2000, 'yan wasanta ba daga sama suka faɗo ba. Babban filin wasa na Minna ma sunan Bako Kontagora aka sa masa. Ahmed Musa, wanda ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014, a filayen Jos ya taso kafin ya zo Kano Pillars. Haka su ma alƙalai, daga nan suke tasowa. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa farkon 2024 'yan wasanmu sun kai wasan ƙarshe, amma cikin alƙalan da aka zaɓa babu ɗan Nijeriya ko ɗaya. Saurayin da ya koyi busa da tsoro a filin firamare, da tsoron zai girma. Yaron da ya yi daƙuwa aka tafa masa, haka zai yi ran da ya sa rigar ƙasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaron nan mai tallar ruwa na ga an ɗora shi a babur za a kai shi ɗinki, rigarsa jage-jage da jini, robar ruwansa a ƙasa an tattake. Da wuya uwarsa ta sake barinsa ya je fili. In iyaye suka hana yara zuwa, dattawa suka daina tsayawa kallo, fili ya koma na masu dutse a aljihu, to mun yi asarar ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan birni da ɗan ƙauye, Bahaushe da Bakambare da Banufe, ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna dariya. Ina roƙon masu shirya gasar Kontagora su sake kiran ƙungiyoyin nan biyu, su ɗauko alƙali daga wani gari, a ƙarasa wasan, yaron da ya yi daƙuwa kuma ya je har ƙauyen ya ba da haƙuri.

Mai ra'ayi a kan wannan batu, musamman alƙalan wasa da suka ɗanɗana, ya rubuto mana, fili a buɗe yake. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.